Edmund Pellegrino

Edmund Daniel Pellegrino likita ne ɗan Amurka, yana cikin waɗanda suka mayar da ɗa'ar aikin likita fanni mai zaman kansa a makarantun likitanci. An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1920, a Newark ta jihar New Jersey, ya rasu ranar 13 ga Yuni, 2013. Ya kammala karatun likita a Jami'ar New York a 1944. Ya shugabanci Jami'ar Katolika ta Amurka daga 1978 zuwa 1982, sannan ya koma Jami'ar Georgetown, inda ya jagoranci Cibiyar Kennedy ta nazarin ɗa'a, ya kuma kafa cibiyar ɗa'ar aikin asibiti a 1991. Shi ya kafa mujallar Journal of Medicine and Philosophy a 1976. Daga 2005 zuwa 2009 ya riƙe majalisar da ke ba Shugaba George W. Bush shawara kan ɗa'ar kimiyyar rayuwa.

Tushen tunaninsa shi ne ɗa'ar likita daga bakin gadon majiyyaci take fitowa. Ciwo ya kama mutum, ƙarfinsa ya ragu, bai san abin da ke jikinsa ba. Likita ya zo ya ce zai taimaka, kuma a ganin Pellegrino wannan furuci alkawari ne, amana ce. Abin da ya rage shi ne yanke shawarar da ta dace a ilimance, kuma ta zama alheri ga wannan mutumin kansa.

A littafinsu na 1988 da David Thomasma, For the Patient's Good, sun kasa alherin majiyyaci mataki huɗu: lafiyar jiki, abin da shi majiyyacin yake gani alheri ne gare shi, mutuncinsa na ɗan Adam mai hankali da zaɓi, sai alherin ruhinsa, wanda suka ɗora a kan sauran. Misalin da ya fi fito da tsarin fili shi ne baligi mai cikakken hankali ɗan ɗariƙar Shaidun Jehobah da ya ƙi a ƙara masa jini saboda imaninsa ya hana. A matakin farko ƙarin jinin ne daidai, amma likitan da ya tsaya nan ya yi masa dole ya taka sauran ukun. Kuskuren ɗaya ɓangaren shi ne likita ya zama ɗan aike, duk abin da aka nema ya miƙa da sunan 'yancin majiyyaci.

Shi ya sa ya ga ƙa'idoji huɗu na ɗa'ar likitanci da masana Tom Beauchamp da James Childress suka yaɗa tun 1979 (mutunta zaɓin majiyyaci, ƙin cutar da shi, yi masa alheri, da adalci) ba su wadatar ba in babu halin kirki a wurin likitan: riƙon amana, tausayi, gaskiya, da danne son rai. Ya yi adawa da taimaka wa majiyyaci ya kashe kansa, ya kuma soki mayar da lafiya hajar kasuwa. Masu sukarsa sun ce ra'ayinsa ya jingina da aƙidar Katolika fiye da yadda al'umma mai addinai daban-daban za ta ɗauka.