Silin mai tsabta ba shaidar rufi mai lafiya ba ne

Mutane da yawa idan sun je duba gidan da za su saya, sai su ɗaga kai su kalli silin. In ba su ga tabon ruwa ba, shi ke nan, sun gamsu rufi lafiya lau yake. Wannan kuskure ya daɗe yana cin kuɗin masu sayen gidan farko.

Bokitin fenti ɗaya ya isa ya ɓoye tabo. Kuma a Kano ko Katsina, daga Nuwamba zuwa Maris da wuya a ga ɗigon ruwan sama, balle yoyo ya tona asirin kansa. Ko da damina ma, ba lallai ruwa ya ɗiga daidai inda ya shiga ba: yakan bi katako ya gangara, yana jiƙa shi a ɓoye har ya ruɓe.

Aibin yana can sama. Ka zo da kafintanka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya leƙa cikin silin da tsakar rana. Duk inda haske ya ratso siriri kamar allura, to huda ce. Ya duba bakin ƙusoshi da inda kwano ya hau kan kwano, don nan tsatsa ke fara ci. Sannan ya soka sukudireba a katako. In ta nutse kamar a cikin burodi, gara ko ruɓa ta riga ta gama aikinta. Irin wannan rufin ne iskar farkon damina ke yayewa.

In rufin kankare ne, a hau a ga ko ruwa na kwanciya, ko indararo ya toshe.