Takalmin ƙwallon da aka rataye ranar ɗaurin aure

Ranar kasuwa aka fi cika mana benci a ɗakin shan magani, domin mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Argungu sukan haɗa tafiya biyu, su yi cefane, su biyo a duba su. A irin wannan rana ce wani mai sayar da shinkafa ya zauna gabana yana kukan ciwon kai da nauyin ƙeya. Shekarunsa 42. Na ɗaura masa abin awon hawan jini a damtse, na matsa iska, awo ya nuna 160 bisa 100. Na ce ya huta minti goma, na sake gwadawa, kusan haka dai. Ina cikin rubutu sai idona ya kai ga wani tsohon tabo a ƙaurinsa, na tambaye shi labarinsa. Nan take fuskarsa ta washe. Ashe lamba tara ya buga wa unguwarsu shekara da shekaru, tabon kuwa wani mai tsaron baya ne ya bar masa.

Na ce, "To Alhaji, yaushe rabonka da fili?"

Ya yi dariya har da tafa cinya. "Likita, ni da ɗiya shidda in tahi hili in bi ƙwallo? Mutane su ce mi?"

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, amma na daɗe da daina gyara wa mutane sunan. Amsar tasa dai na ji ta a bakin mutane ba adadi. A wurinmu wasa na yara ne da samari. Da an shafa fatiha, sai a rataye takalmi. Daga nan mutum ya hau babur daga ƙofar gida zuwa shago, ya zauna kan buhu tun hantsi har la'asar, ya ci tuwon shinkafa ya kora da lemon kwalba, da dare a yi shayi mai sukari a majalisa. Cin abinci bai ragu ba, motsin ne ya tsaya. Bayan shekara goma sai tumbi ya fito, mu kuma mu ce hutu ne ya zo.

Zuciya tsoka ce, kamar ta damtse. In ana sa ta aiki a kai a kai, takan yi ƙarfi ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, hanyoyin jini su saki jiki su daina ƙanƙancewa, shi ya sa awon mai motsa jiki yakan sauka. Sukari ma haka. Manyan tsokokin cinya da ƙafa su ne suka fi zuƙe sukarin da ke yawo a jini, kuma idan suna aiki sukan fi jin kiran insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga inda ake bukatarsa. In suka zauna ba aiki, sukarin ya rasa mai karɓa, ya yi ta taruwa, a hankali ya taɓa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Shanyewar ɓarin jiki da muke yawan ɗora wa iska, sau da yawa hawan jini ne da ya daɗe yana aikinsa a ɓoye.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin su gudu da ƙwallo. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuwa awa ɗaya kullum. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako, bai kai hirar da ake yi tsakanin magariba da isha ba. Matsakaici kuma shi ne wanda numfashinka zai ƙaru, gumi ya tsatso, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Hukumar ta ce kusan kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya ba sa cika wannan mudu, ke nan ba mu kaɗai ba ne.

Manomi zai ce shi da ya wuni a fadama yana dashen shinkafa, wane wasa kuma? Yana da gaskiya, kuma ba da shi nake ba a ranar da ya yi wannan aikin. Sai dai aiki ya sauya. Injin ban ruwa ya karɓe guga, babur ya karɓe tafiyar ƙafa, injin niƙa ya karɓe turmi. Ba na kuka da wannan, sauƙi ne Allah Ya kawo, amma gumin da suka ɗauke mana sai mun nemo shi ta wata hanya.

Akwai kuma abin da wasa ke yi wanda wahala ba ta yi. Na fi ganinsa a wurin samari, musamman waɗanda suka gama makaranta ba aiki. Saurayi zai zo ya ce ba ya barci, ƙirjinsa na masa nauyi, abu kaɗan ke harzuƙa shi. Ka auna komai ka same shi lafiya. Da ka bi diddigi sai ka tarar yana kwana kan waya har biyun dare, ya tashi da hantsi, ya wuni a inuwa yana tunani. A nan ne abokin banza ke miƙo masa tramadol ko maganin tari. Lokacin da mutum ke guje-guje, ƙwaƙwalwa na sakin wasu sinadarai, irin su endofin, masu rage zafin ciwo da sanyaya rai, kuma jikin da ya gaji gajiyar kirki ba ya jayayya da barci. Bayan wannan akwai jama'a. Wanda yake cikin kulob ɗin unguwa yana da inda ake jiransa ƙarfe biyar na yamma, in bai zo ba kwana biyu za a bi sawu a ji ko lafiya. Yana koyon a ci shi ya haƙura, alƙalin wasa ya busa masa ba daidai ba ya haɗiye. Amma in damuwa ta kai mutum ya daina cin abinci, ko yana jin rayuwar ma ta ishe shi, ƙwallo kaɗai ba ta wadatar, a kawo shi asibiti.

Abin da ke ba ni mamaki da kunyar nan, mu Kabawa ba baƙin wasa ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba kamun kifi kaɗai ba ne a kogin Matan Fada: akwai kokawa, da dambe, da tseren kwale-kwale, da ninƙaya, kuma da yawa daga masu yi magidanta ne. Malamanmu kuma suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana ya kayar da shi.

Wannan tseren ya kamata ya tuna mana da mata, domin su aka fi bari a baya. Yarinya na fara girma ake ce mata ta natsu, gaɗa ta ƙare, tsallen igiya ya ƙare. Matar aure ba sai ta fita ba: tsakar gida ta isa. Ita da abokiyar zamanta ko maƙwabciya su kewaye gidan da sauri minti ashirin bayan asuba, ko su karɓi igiyar yara su yi tsalle. Mai ciki ma, in awo ya nuna ba matsala, tafiya na yi mata amfani. Maigida ya daina kallon abin a matsayin rashin kamun kai.

Sai a kiyaye rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi na haura digiri 40, don haka a yi wasa da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa. Da azumi a bari sai an sha ruwa. Mai sikila ya yi a hankali, ya yawaita shan ruwa, ya huta tun bai galabaita ba. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na sarƙewa, ya tsaya nan take ya zo a duba shi. Yaran da ke iyo a gulbi da kududdufi, in aka ga jini a fitsarinsu tsargiya ce, tana da magani, ba alamar balaga ba ce. Wanda kuma aka ɗora kan maganin hawan jini ko na sukari, kada ya ajiye shi don ya fara motsa jiki.

Alhaji mai shinkafa na ba shi magani, na ce ya rage gishiri da dunƙule, ya bar babur a gida ya riƙa takawa zuwa shago. Ƙwallo kuwa na ce ya dakata sai awon ya sauka. Bayan wata uku ya dawo, na samu 140 bisa 90. Ya ce yanzu ranar Lahadi da safe su bakwai suke haɗuwa a filin firamare, duk masu iyali, shi aka sa tsaron gida saboda gwiwa. Ya kuma taho da maƙwabcinsa na kasuwa, wai in auna shi, domin minti biyar ya yi a fili ya nemi inuwa.