Waiwaye: hoton talaka da sunan da ba a tambaya ba

Duk wanda ya saba duba rahotannin ƙungiyoyin agaji kan Arewa ya san wannan hoton: almajiri da roba a hannu, ƙafa ba takalmi, fuska duk ƙura, ya ɗaga kai yana kallon mai kyamara. A ƙasa sai a rubuta wani yaro ne a arewacin Najeriya. Ba suna, ba gari, balle a ce ga inda ya kai a karatu. Irin wannan ɗauka ta daɗe, kuma da niyyar alheri aka faro ta.

A birnin Niyok na Amurka, wani ɗan jarida ɗan asalin Denmak mai suna Jacob Riis ya riƙa kutsawa da tsakar dare cikin gidajen hayar da baƙi 'yan ci-rani ke cunkushe, ya tayar da hasken hoda, ya ɗauke su suna kwance a ƙasa. Da ya fitar da hotunan cikin littafi a 1890, masu hannu da shuni suka ga abin da ke bayan katangarsu, aka fara maganar gyara dokokin gidaje. Sai dai masu barcin nan ko sallama ba a yi musu ba.

Lewis Hine, wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, ya fi shi ladabi. Daga 1908 ya bi masaƙu da ma'adinan kwal yana ɗaukar yaran da ake bautarwa, wani lokaci ya yi shigar mai duba kayan kashe gobara don a bar shi ya shiga. Yakan rubuta sunan yaro da shekarunsa da awannin da yake aiki, har tsayinsa yakan auna da maɓallan rigarsa. Hotunansa na cikin abin da ya share fage ga dokar tarayya ta 1938 da ta taƙaita sa yara aiki.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1936. Dorothea Lange, mai ɗaukar hoto da ke wa gwamnatin Amurka aiki a zamanin karayar tattalin arziki, ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙodago a Nipomo ta jihar Kalifoniya. Ta ɗauki wata uwa 'yar shekara 32, ta yi tagumi, yara biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta, jariri a cinya. Jarida ta buga, gwamnati ta aika abinci sansanin, amma kafin ya iso matar da iyalinta sun yi gaba. Lange da kanta ta faɗa cewa ba ta tambayi sunanta ba. Sai a 1978 duniya ta san Florence Owens Thompson ce, kuma ta koka cewa ko kwabo ba ta samu daga hoton ba. Shekara arba'in fuskarta na yawo a jaridu da gidajen tarihi, ita kuwa ta sha fama da ciyar da 'ya'yanta. Tura ta kai bango ne a 1983, lokacin da ciwo ya kwantar da ita, 'ya'yanta suka roƙi jama'a taimako da sunan hoton.

Abin ya sauya fasali lokacin da 'yan gida suka karɓi kyamarar. Ernest Cole, baƙar fata a Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata, ya riƙa ɓoye kyamara cikin jakar abincinsa yana shiga gidajen ma'aikatan ma'adinai. Ya tsere daga ƙasar a 1966, aka haramta littafinsa, ya rasu a gudun hijira a 1990. Shi ɗauka tasa ba ta ɗan kallo ba ce, domin wariyar da yake ɗauka a hoto shi ma a ƙarƙashinta ya tashi.

A nan gida, Fati Abubakar 'yar Maiduguri ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram a 2015, bayan ta gaji da ganin garinsu ba a nuna komai sai bam da gawa. Ta ɗauki 'yan kasuwa, 'yan makaranta, masu biki, 'yan gudun hijira, tana haɗawa da abin da suka faɗa da bakinsu. Wahalar tana nan a hotunan, amma mutanen a tsaye suke da mutuncinsu.

Yanzu kyamara tana aljihun kowa. Da azumi ya kama za ka ga layin mata a ƙofar wani mai hali, ana rabon shinkafa, yaransa sun ɗaga waya don a saka a Facebook. Na taɓa tsayawa a gefen irin wannan layi. Wata dattijuwa ta miƙa hannu ɗaya ta karɓi ledarta, ɗayan kuma ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai wayar ya matso ya ce, "Baba, ɗan buɗe fuskar mana." Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta dubi ledar, sannan ta sauke mayafin.