Manhajojin Kwaikwayon Amfilifayar Jita

Manhajar kwaikwayon amfilifaya ita ce wadda ke karɓar sautin jitar lantarki a kwamfuta, ta sarrafa shi har ya fito tamkar ya bi ta amfilifaya ta gaske, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da akwatin lasifika da makirufo. Makaɗa da masu haɗa sauti suna amfani da ita wajen naɗar waƙa, musamman inda babu halin sayen kayan, ko babu ɗakin da zai iya ɗaukar ƙararsu.

Idan aka jona jita kai tsaye da kwamfuta, muryarta siririya ce, babu armashi. Muryar da kunne ya saba ji a waƙoƙi amfilifaya ce ke samar da ita, musamman mai aiki da bawul, wato ƙananan kwalaben gilashi irin su 12AX7 da EL34. In aka matsa wa bawul sai sautin ya shaƙe, ya yi kauri da kaushi, kuma kowace amfilifaya da irin shaƙewarta. An san Fender Twin Reverb da murya garau, ita kuwa Marshall JCM800 da ta fito a 1981 an san ta da gurnani.

Kamfanin Line 6 na Amurka ya fitar da Amp Farm a 1998 don masu aiki da Pro Tools, manhajar naɗa sauti da haɗa shi. IK Multimedia na Italiya ya biyo baya da AmpliTube a 2002, sai Native Instruments na Jamus da Guitar Rig a 2004.

Babban bambancin manhajojin yana ga hanyar da suke bi. Hanya ta farko ita ce a bi kayan cikin amfilifaya ɗaya bayan ɗaya, a rubuta lissafin yadda kowanne ke amsa wutar da ta ratsa shi. AmpliTube da Helix Native na Line 6 suna cikin wannan rukuni. Amfaninta shi ne duk maɓallin da aka murɗa yana yin kusan abin da na asali zai yi, don haka mai son ƙera muryarsa tun daga tushe ya fi sakewa a nan.

Hanya ta biyu ɗauka ce. Ana tura sautin gwaji cikin amfilifaya ta gaske, a naɗi abin da ya fito, na'ura ta koyi dangantakar abin da ya shiga da abin da ya fita. Na'urar Kemper ta Jamus ce ta yaɗa wannan dabara tun 2011. TONEX da IK Multimedia ya fitar a 2022, da Neural Amp Modeler, manhajar kyauta da Steven Atkinson ya rubuta, suna yin haka ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Kamannin da ake samu kan yi kusa ƙwarai, sai dai kamar hoto ne: ya kama amfilifayar a saiti ɗaya, kuma da zarar an yi nisa da saitin kamannin ya fara raguwa.

Kamfanin Neural DSP na ƙasar Finland ya zaɓi taƙaitawa. A jerin manhajojinsa mai suna Archetype yakan haɗa kai da makaɗa irin su Plini da Cory Wong, ya ba da amfilifaya 'yan kaɗan da aka riga aka daidaita. Guitar Rig kuma ƙarfinsa yana ga yawan kayan sauya sauti da ake jerawa yadda aka ga dama.

Abin da masu kwatantawa suka fi sakaci da shi, alhali ya fi komai tasiri, shi ne akwatin lasifika da makirufo. Lasifikar jita tana dushe sautin da kaifinsa ya haura kimanin haz 5,000 (haz shi ne yawan girgizar sauti cikin daƙiƙa), shi ya sa shaƙewar ba ta soke kunne. Makirufo irin Shure SM57 in aka gusar da shi daga tsakiyar lasifika zuwa gefe, ko da faɗin yatsu biyu ne, kaifin muryar yakan ragu a fili. Manhajoji suna adana wannan hali a ƙaramin fayil da ake kira IR. Sau da yawa mutum zai ce wata manhaja ta fi wata, alhali akwatunan ne suka bambanta, ko kuma ɗaya ta fi ƙara, domin kunne yakan fifita mai ƙara. Kwatanci na adalci shi ne a naɗi jita zallarta sau ɗaya, a bi da ita ta kowace manhaja da IR guda, a daidaita ƙara, sannan a saurara tare da ganga da muryar mawaƙi.

Mashigar sauti ma tana da nata hukunci. Jita tana son ramin da aka rubuta wa Hi-Z a na'urar haɗa ta da kwamfuta, kuma idan sautin ya shiga da ƙarfi fiye da kima manhajar za ta shaƙe tun ba a kai ko'ina ba. Sai jinkiri tsakanin taɓa tsirkiya da jin sauti. Kwamfuta tana tara 'yan gutsattsarin sauti da ake kira samfur a wata ma'ajiya kafin ta sarrafa su. Ma'ajiya mai samfur 128, idan ana ɗaukar samfur 48,000 cikin daƙiƙa, tana ƙara kusan milisakan 2.7 a shiga, da wani kamarsa a fita. Rage ta yana rage jinkiri amma yana ɗora wa kwamfuta nauyi.

Tunda sautin jita zallarsa ake naɗa, kuma yana nan a ajiye, ana iya sauya amfilifaya bayan makaɗi ya tafi gida. Abin da ba a samu da abin saurare na kunne shi ne kukan da ke tasowa idan ƙarar lasifika ta dawo ta girgiza tsirkiya, don haka masu son sa sukan ƙure lasifikar sutudiyo su tsaya kusa da ita yayin kaɗawa.