Batir mai caji

Batir mai caji shi ne wanda ake sake cika shi da wuta bayan ya ƙare, saɓanin batirin tocila na da, wanda in ya mutu sai bola. A Legas, inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, da wuya a shiga gidan Bahaushe a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ba a ga fitila ko fanka ko rediyo mai caji ba. Masu gadi da masu shayi sun fi kowa sanin halin waɗannan batura, domin da su suke kwana.

Ire-irensa

Mafi tsufa shi ne na dalma, wanda Gaston Planté ɗan Faransa ya ƙirƙiro a 1859. Shi ne a cikin mota, kuma ƙananansa masu volt 4 ko 6 su ne a cikin fitilu da fankoki masu araha. Na nikel da kadmiyom, mai alamar NiCd, Waldemar Jungner na Suwidin ne ya fito da shi a 1899, amma ya ja baya saboda kadmiyom guba ne. NiMH, wani batirin nikel marar kadmiyom, shi ne ya gaje shi tun 1989, kuma shi ake samu a girman AA da AAA. Na litiyom kuwa kamfanin Sony ne ya fara sayar da shi a 1991, yau shi ne a waya da sababbin tocilan hannu.

Riƙon caji

Kowane batir yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a taɓa shi ba. NiMH na farko sun yi ƙaurin suna a nan: a cika su a ajiye, cikin wata ɗaya kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ya tafi. Zafi yana ƙara saurin zubar, har takan kusan ninkawa idan zafin ya ƙaru da digiri 10. Alƙaluman da ke jikin kwali an auna su ne a ɗaki mai sanyin kusan digiri 20, ba a shagon kwano na Mile 12 da tsakar rana ba. Shi ya sa mutum zai cika batir, ya ajiye don ranar da wuta ta tafi, ranar ta zo ya tarar da shi fanko, ya ɗauka an cuce shi, alhali halin batirin ke nan.

A 2005 kamfanin Sanyo na Japan ya fito da Eneloop, NiMH mai jinkirin zubar da wuta, wanda yanzu Panasonic ke yi. Na AA ɗinsa yana ɗaukar kusan mAh 2,000 (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), kuma kamfanin ya ce yana riƙe kashi 70 bayan shekara 10 a ajiye. Akwai samfurinsa mai kusan mAh 2,500, sai dai wannan ana cika shi kamar sau 500 ne, na farkon kuwa ya kai sau 2,000. Wato babbar lamba tana zuwa da gajeren rai. Na litiyom kashi 2 ko 3 kawai yake zubarwa a wata, amma zafi yana tsufar da shi, musamman in an bar shi cike. Na dalma shi kuma akasin haka ne: in ya daɗe babu caji, farin gishiri yana kama farantan cikinsa, ya daina karɓar wuta. Fankoki da yawa ta nan suke mutuwa.

Yadda ake zaɓe

Rediyo da tocila da makirufon masallaci, masu shan wuta kullum, su NiMH ya fi dacewa da su. Rimot da agogon bango ba sa buƙatar babbar lamba, mai riƙe caji suke so. NiMH volt 1.2 yake bayarwa, ba 1.5 ba, kuma yawancin kaya ba sa damuwa. Abin tsoro shi ne na litiyom mai lamba 14500: girmansa ɗaya da AA, amma volt 3.7 ne, zai iya ƙona rediyo nan take.

A kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja ana samun na gaske, ana kuma samun jabu. Batirin litiyom mai lamba 18650 na gaske bai cika wuce mAh 3,500 ba, nauyinsa kusan giram 45. Wanda aka rubuta wa 9,900, ga shi sakayau a hannu, ƙarya ce tsagwaronta. Caja ma tana da muhimmanci: mai tsayawa da kanta idan batir ya cika ta fi wadda ke ta ɗura wuta har ya yi zafi. Ba a haɗa sabo da tsoho a kaya ɗaya, ba a kuma sa batirin da ba na caji ba a caja, domin yakan yi yoyo ko ya fashe.

Mataccen batirin dalma 'yan jari-bola suna saye. Fasa shi a tsakar gida haɗari ne ga yara, domin dalma ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010.