Wai me ake nufi da buɗaɗɗen ofis?

Yanzu da an ce za a yi wa ofishin wata hukumar gwamnati garambawul sai ka ji masu zanen gini suna cewa ai buɗaɗɗen ofis za a yi, wasu su ce ofin filan. Ma'anar dai ita ce a cire bangwayen da suka raba ɗaki-ɗaki a bar fili ɗaya babba, ma'aikata su zauna tebur kusa da tebur, wani lokaci har oga yana cikinsu, in ma akwai shamaki to gajere ne, kana miƙewa za ka hango kowa.

Abin ya daɗe fa. A ƙarshen shekarun 1950 wasu 'yan'uwa biyu a Jamus, Eberhard da Wolfgang Schnelle, suka kawo tsarin jera tebura bisa yadda takarda ke tafiya daga hannun wannan zuwa na wancan, ana raba wuri da tukwanen shuke-shuke maimakon bulo. Sai a 1968 Robert Propst na kamfanin Herman Miller a Amurka ya fito da nasa, wanda daga baya ya rikiɗe ya koma 'yan akurkin nan masu gajeren bango da ake cusa ma'aikata a ciki.

Dalilin da hukumomi ke son sa a fili yake, wuri kaɗan ya ɗauki mutane da yawa, hasken taga ya kai ga kowa, in an ƙaro ma'aikata tebur kawai za a ja ba sai an kira magini ba, kuma fayil ba ya samun lungun da zai kwanta wata da watanni.

Amma zancen wai yana sa mutane su riƙa magana da juna, a nan kam akwai gyara. A 2018 Ethan Bernstein da Stephen Turban na Harvard sun bi diddigin manyan kamfanoni biyu da suka koma wannan tsari, sai ga shi maganar ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, imel ya ƙaru, don mutum in ya san kowa na jin sa shiru yake yi.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ofishin gwamnati wurin jama'a ne. Dattijon da ya zo bin kuɗin fansho, ko matar da ta kawo takardun mijinta da ya rasu, ko wanda ya zo ƙorafi a kan wani ma'aikaci da ke zaune tebur biyu daga nan, ta yaya zai buɗe baki a gaban mutum talatin? Gaskiya wannan ba daidai ba ne. Shi ya sa mai zanen da ya san aikinsa yake raba wurin jira da wurin aiki, ya bar ƙananan ɗakuna masu ƙofa don ganawa, ɗakin fayil da makulli, fuskar kwamfuta ta juya wa baƙi baya, firinta ta koma can gefe, a sa silin da kafet masu shanye ƙara. Sannan kanta, wato dogon teburin da ake karɓar jama'a, wannan ana yawan mantawa da ita, a bar sashe ɗaya ƙasa-ƙasa yadda mai keken guragu zai sa hannu a takarda ba tare da an riƙe masa ba.