Miyar naman shanu da shu (kabeji) a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali: tambayoyi da amsoshi

Wace irin tukunya ce wannan, kuma me ya bambanta ta da tukunyar shinkafa ta lantarki?

Kasko ne mai kauri na tangaran, zaune cikin gidan ƙarfe mai ɗumama shi, da murfin gilashi. Da Faransanci sunanta "mijotez". Tukunyar shinkafa tafasa take yi da ƙarfi, ta kashe kanta in ruwa ya tsotse. Ita wannan ba ta gaggawa: tana hawa sannu a hankali har ta kusa zafin tafasa, ta zauna nan awanni tana ɓararraka ƙasa-ƙasa. Yawancinsu maki uku gare su, Low, High da Warm, wato ƙaramin zafi, babban zafi, da na riƙe ɗumi. Na ukun ba na dahuwa ba ne, kada a taɓa sa ɗanyen nama a kansa.

Kafin saye a juya ta a karanta ƙasanta. Wutar Nijar bolt 220 ce. Wadda aka kawo daga Amurka ta 120 ce, in aka jona ta babu taransifoma ƙonewa za ta yi nan take.

Wane nama zan ce wa mahauci ya yanko mini?

Wanda kowa ke gudu saboda tauri: ƙwauri, wuya, kafaɗa ko ƙirji. Farar jijiyar nan da ke ratsa su ita ce sirrin miyar. In ta daɗe a cikin zafi da laima sai ta narke ta shiga romo, romon ya yi kauri har yana ɗan kama leɓe, naman kuma ya saki. Tsoka zalla ta cinya ba ta da abin narkewa, bayan awa takwas sai ta bushe ta zama zare-zare ko da tana iyo cikin ruwa. Kuɗinta ya fi yawa, sakamakonta ya fi muni.

A ce masa ya yanka manya-manya, kamar girman ƙwan kaza, kada ya yi irin yankan tsire. A nemi ƙashi ɗaya mai ɓargo a haɗa. Kitsen da ya yi yawa a rage shi tun a teburin mahauci, don a wannan tukunyar ba ya da inda zai je, sama zai taso ya kwanta. Shanunmu na kiwo, irin su Azawak da Bororo, sun sha tafiya kuma galibi sai sun manyanta ake yanka su, saboda haka lokacin da takardar tukunyar ta faɗa yakan gaza. A ƙara awa ɗaya a kai.

Nawa-nawa ne kayan?

Ga tukunya mai lita biyar zuwa shida, abincin mutum shida: nama kilo ɗaya, shu, wato kabeji, ƙulli ɗaya mai kimanin kilo, albasa biyu manya, karoti uku, dankalin turawa rabin kilo, tumatir huɗu da babban cokali biyu na tumatirin gwangwani, tattasai biyu, attarugu ɗaya, tafarnuwa sala biyar, daddawa babban cokali ɗaya a dake, citta da masoro ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya, kanumfari ƙwaya biyu, ganyen loriye biyu, man gyaɗa cokali uku, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ruwa kuwa kimanin mililita 350, kofi ɗaya da rabi ke nan.

In an samu albasar Galmi ta wadatar, zafinta yana komawa zaƙi in ta daɗe a wuta. Shu kuma a ɗauka a ji nauyinsa a hannu, a matsa shi. Mai ƙarfi da nauyi ake so, irin na lambunan rani da ke cika kasuwa lokacin ɗari.

Kofi ɗaya da rabi kawai? Ai ko naman ba zai rufe ba.

Ba a so ya rufe. Nan ne mafi yawan masu farawa ke ɓata miyarsu. A kan gawayi ko gaz ruwa yana tafiya da tururi, shi ya sa hannunmu ya saba da ƙari. A wannan tukunyar tururin yana bugun murfi ya koma ciki, kusan babu abin da ke fita. Ga shi nama zai fitar da ruwansa, albasa da tumatir za su fitar da nasu, shu kuwa fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Wadda ta cika ruwa har ya shafe nama za ta buɗe murfi ta tarar da romo tsululu marar ɗanɗano. Ruwan ya tsaya a rabin tudun kayan, sauran zai zo da kansa. Kaskon ma, kafin shu ya shiga, kada cikarsa ta wuce kashi biyu cikin uku, kuma kada ta gaza rabi.

Dole ne sai na soya naman tukuna?

Zai dahu ko ba a soya ba, amma miyar za ta fito fari-fari, ɗanɗanon kamar na dafaffen nama kurum. Tukunyar ba ta kai zafin da ke sa nama ya yi ja ya ba da ƙamshin suya. Minti goma sha biyar a kan gaz sun isa. A tsane naman, a barbaɗa gishiri, a soya shi kashi biyu ko uku cikin mai mai zafi, don in aka jibga shi duka lokaci guda ruwa zai kawo ya koma dahuwa. A kwashe, a soya albasa a cikin man, a zuba tafarnuwa, tumatirin gwangwani da daddawa, a juya minti biyu har jan tumatirin ya yi duhu. Sai a zuba ruwan nan da aka auna a kankare abin da ya kama a gindin tukunyar suya. Wannan ƙanzon shi ne rabin daɗin miyar, kada a bar shi ya tafi wurin wanke-wanke.

Yaya ake jera su, kuma yaushe shu ke shiga?

Dankali da karoti a ƙasa da gefe, inda zafi ya fi, don abin mamaki sun fi nama jinkirin laushi a nan, balle ga tsamin tumatir yana riƙe su. Nama a kansu, sannan soyayyen haɗin da niƙaƙƙen tumatir, tattasai da attarugu, da kayan ƙamshi. A rufe. Ƙaramin zafi awa takwas, babban zafi awa huɗu zuwa biyar. Ga naman ƙwauri mun fi son ƙaramin.

Shu ba ya shiga da su. In ya yi awa takwas zai narke, launinsa ya dushe, ya saki warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai wanda ke sa yara su ƙi miyar tun daga ƙofa. Sinadarin farar wuta da ke cikin ganyen ne ke fita in dahuwa ta yi tsawo. A cire ganyen waje, a raba ƙullin huɗu, a yanke ƙashin tsakiya, a yanka faɗin yatsa biyu, a wanke a tsane sosai. A zuba shi saura awa ɗaya da rabi a ƙaramin zafi, ko saura minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya a babba. Zai yi tsiri har ya taɓa murfi, a danna shi da ludayi, cikin rabin awa zai kwanta. Wadda za ta wuni wurin aiki ta yanka shi da safe ta ajiye a firigo, in ta dawo ta zuba ta murɗa zuwa babban zafi, kafin shinkafa ta nuna ya yi.

Ban da wannan buɗewar, a bar murfi. Kowane leƙe yana zubar da zafin da sai an yi kusan minti ashirin kafin ya dawo.

In saka ƴar kanwa don ya yi saurin laushi?

A'a. Lokaci ne ke aikin kanwa a nan. Ita za ta farfasa dankali, ta kashe tsamin tumatir, ta mai da shu taɓo.

In aka ɗauke wuta fa?

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 kuma wuta ke yawan yankewa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60. In ana gida aka ɗauke, kuma ba ta dawo da wuri ba, a juye miyar cikin tukunyar ƙarfe a ƙarasa a kan gaz ko gawayi, wuta ƙasa-ƙasa. Kaskon tangaran ɗin kansa ba a ɗora shi a wuta, tsagewa yake yi. In an riga an gama dahuwa, miyar tana iya zama a rufe har awa biyu.

In kuwa babu kowa a gida, aka dawo aka tarar tukunya ta huce kuma ba a san tun yaushe ba, zubarwa ita ce daidai, duk da ciwon asarar kilo guda na nama. Ƙamshi ba shaida ba ne, kuma sake tafasawa ba ta kashe dafin da wasu ƙwayoyin ke bari. Wani abin lura: mai maɓallin murɗawa tana ci gaba da kanta in wuta ta dawo, har mutum ya kasa gane an yi yankewa, yawancin masu allon lambobi kuwa a kashe suke zama. Hayayyafar ƙwayoyin cutar nan ce ma ta sa ba a zuba daskararren nama daga firiza, don yana daɗewa bai yi zafi ba. Ya kwana a firigo ya saki tukuna.

Na buɗe na ga ruwa ya yi yawa, ko ɗanɗano ya yi lami. Akwai gyara?

Akwai. A fara kwashe man da ya taso da cokali. A murƙushe dankali uku ko huɗu a jikin kaskon a juya, a cire murfi, a bar ta a babban zafi rabin awa. Doguwar dahuwa tana dusar da kayan ƙamshi, don haka a ɗanɗana a ƙarshe, a gyara gishiri, a ƙara ɗan masoro, a matsa rabin lemun tsami. Dunƙulen magi, ga mai so, a nan ne wurinsa. Tana tafiya da farar shinkafa, da tuwon masara, da burodi.

Abin da ya rage, in bar shi a tukunyar zuwa gobe?

A'a, kaskon yana da kauri, yana daɗewa bai huce ba, miyar za ta kwana a cikin zafin da ƙwayoyin cuta ke so. A juye a robobi marasa zurfi, a sa firigo cikin awa biyu, lokacin zafi cikin awa ɗaya. Tana kwana uku lafiya. Ɗumame a kan gaz ake yinsa har ta tafasa, ba a tukunyar lantarkin ba. Kaskon kuma a bari ya huce kafin ruwan sanyi ya taɓa shi.